Ranar da Na Sassabe Wardin Hadiza

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so, da ranar da na shigo da baƙi ashirin cikin gidana suka ga kunyata da idonsu. Ni na gayyato su. Ba wanda ya sa ni.

Ni manomi ne a ƙasar Gangara. Ban yi lakol ba, ban san boko ba. Na ga yunwa, na yi dako a Kano, na haƙa rijiyoyi har ƙasa ta taɓa binne ni zuwa wuya. Ba ni da yawan magana. Abu ɗaya aka san ni da shi, sassaben zamani. In kututture ya yi toho a gona ba ka ƙone shi. Ka zaɓi rassa biyu ko uku miƙaƙƙu masu ƙarfi, ka sare sauran, waɗanda ka bari su girma su zama itace. Haka gonata ta cika da gawo da kalgo, har mutanen furoje, masu aikin raya karkara, suna kawo manoma daga nesa su gani. (Abokina Ila ya laƙaba mini Sarkin Sassabe. Ina nuna ba na so. Ina so.)

Matata Hadiza ta yi aikin shara a wani asibiti a Gazawa. Wata ungozoma da aka canza wa wurin aiki ta bar mata furen wardi gindi uku, ta dasa su inda ruwan wanka ke gangarowa. Ja ne, mai ƙamshi. Da safe ƙamshin ke riga kowa gaishe ka. Bayan rasuwar Hadiza suka yi ta ja da baya. A shekara ta uku fure biyu rak suka yi, ƙanana, suka zube kafin kwana biyu. Ban gaya wa kowa ba, amma abin ya ci ni. An raba kayanta, ɗakinta ya koma wurin ajiye gero. Su kaɗai suka rage.

'Yarmu Rabi tana aure a Maradi. Ta kira ni ta ce tana da ciki, gida za ta zo haihuwa.

"Baba, furen Inna na nan?"

"Yana nan."

"Yana fure?"

"Zai yi."

Na tsuguna na dube su da idon manomi. Kowane gindi da wani ƙullutu a saman ƙasa, a kansa tsofaffin rassa karkatattu masu launin toka. Daga cikin ƙasa kuma ga sabon toho kore shar, a miƙe. Na ce to, ga ciwon, tsofaffi sun danne yara. Na wasa wuƙa. Na sare tsofaffin har kan ƙullutun, na bar toho uku-uku. Aikin da na yi sau dubu.

Sai ban ruwa. Jarka biyu kullum daga rijiya, da taki na awaki. Ila ya gan ni ya ce, "Sarki, ka koma ga-ruwa ne?" Na wuce da jarkata. Rassan suka tashi kamar hauka. Kafin damina ta fita sun wuce danga, ƙaya kamar farcen shaho. Fure babu ko ɗaya. Na ce ƙarfi suke tarawa.

Rabi ta zo, ta haifi mace, aka sa mata Hadiza. Wata safiya ta tsaya tana kallon su ta ce, "Baba, da ganyen ba haka yake ba."

"Taki ne," na ce.

Tana cikin wankan jego aka kawo manoma daga Cadakori su ga gonata. Suka zagaya, suka yi ta yabo. Yabon ya hau mini kai. Ni da ba na magana, sai na ji bakina yana cewa, "Ku zo gida ku ga abin da sassabe ke yi har ga furen Turawa."

Cikinsu akwai wata mata, Zuwaira, mai renon dashe tana sayarwa. Mazan suna ɗaga kai suna duban tsawo, ita ta tsuguna ta tona gindin da yatsa.

"Malam, wa ya yi wanga aiki?"

Ila ya riga ni. "Shi da kansa. Sarkin Sassabe!"

"Sannu. Ina rassan da ke bisa ƙullutun nan?"

"Na sare. Sun tsufa."

Ta karkaɗe hannu. "To ai su ne wardin. Mai aure ne, kamar mangwaro. Saiwar ta daji ce, aka ɗora mai furen a kanta. Wanga da ka bari na dajin ne. Ko shekara goma ka shayar da shi, ƙaya za ka girba."

(Mangwaro biyu masu aure ne a bayan gidana. Duk shekara da hannuna nake cire musu tohon ƙasa. Ban taɓa zaton ana yi wa fure haka ba. Fure fa.)

Sai Ila ya ce, "Wato wata bakwai kana yi wa ƙaya dakon ruwa?"

Aka fashe da dariya. Wani dattijo ya share hawaye ya ce, "Malam, don Allah ka sam mini iri, awaki sun gama da dangata." Aka ƙara fashewa.

Na jure wannan. Na jure abin da ya fi shi a duniya. Amma Rabi na tsaye bakin ɗaki da jaririya a kafaɗa, kuma ita ba ta yi dariya ba.

Zuwaira ta kankare ƙullutun farko da farce. Busasshe. Na biyu, busasshe. Na uku ta daɗe a kansa, sannan ta ce, "Wanga da sauran numfashi. Amma sai ka cire dogayen nan duka daga saiwa, su ke shanye shi. Yanzu, ba gobe ba."

Na ɗauko wuƙa. A gaban baƙin da na kira su ga gwaninta, na durƙusa na tumɓuke aikina reshe-reshe. Ƙaya ta yi mini kaca-kaca da hannu. Ba wanda ya sake dariya, har Ila ya kama yana jan rassan waje.

Rabi ta koma Maradi ba ta ga fure ba. Yanzu ƙullutun ya fito da toho ɗaya, tsawon yatsa, ganyensa ja-ja. Zuwaira ta aiko cewa in Allah ya so zai yi. In Rabi ta kira, ƙidayar ganye nake ba ta. Jiya shida.

Abin da na koya kaɗan ne. Ba duk mai ƙarfi a gindin itace ne ɗan gida ba, kuma wanda ya iya abu ɗaya ya fi kowa saurin wasa wuƙa. Shekara goma sha ɗaya Hadiza tana tsugune a gindin wardin nan da 'yar askarta, ni ina wucewa zuwa gona. Da na tsaya sau ɗaya na ce, "Mi kike cirewa?" da ta gaya mini. Da ta ji daɗi ma.