Kujerar Sabi'u da ƙaho shida

A shagonmu na zane da buga katin biki a Maƙarfi, Oga ya sayo wa Sabi'u kujera mai laushi saboda ciwon baya. Ni da na riga shi fara aiki da shekara huɗu ina kan benci! Na ƙudura sai an sayo mini tawa, na kuma tsara abina daki-daki. Litinin na dafe ƙugu, Talata na ƙara da nishi, Laraba na shigo a duƙe.

Ranar Alhamis Oga ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, naka ya wuce na kujera. Mataccen jini ne."

Ya aika aka kira wanzami. Ƙaho shida aka kafa mini, Sabi'u yana juyi a kujerarsa yana jera mini sannu.

Har yau ko atishawa na yi, sai wani ya ce, "Oga, a kira wanzami?"