Rijiyar Baba Ishaku

"Lafiya lau, matata, sai dai ganinki da kwalabe ya ɓata min safiya."

Haka Baba Ishaku ya amsa gaisuwar jikarsa Laraba, yana zaune daram a bakin rijiyarsa a Gyaɗi-Gyaɗi kamar mai gadin banki. Laraba na cikin ma'aikatan da ke zagaya Tarauni suna ɗibar ƙasa da ruwa ana aunawa, don a san rijiyar da za a bari da wadda za a rufe. An gama da Daurawa da Babban Giji. A layinsu ta tsohon nan ce ta rage, kuma sau uku yana fatattakar abokan aikinta, shi ya sa aka turo ta.

"Wa ya ce ni matarka ce? Miji ba haƙori, ba gashi, sai taurin kai?"

"Taurin kan nan ne ya haƙa rijiyar nan tun uwarki tana rarrafe."

Daga nan ya ɓalle da cika baki. Wai shi da ya yi haƙar kuza a Filato, da harshe yake gane ƙasa, ya san jan gargari ya san yumɓu ido a rufe. Wai su 'yan yanzu ba su san dutse ba sai sun ɗauki hotonsa a waya. Laraba ta ce ai harshen nasa ya yi ritaya tare da shi, tunda jiya ma ya sha shayi da gishiri ya ce ya yi daɗi. Ya ce ƙarya take, ta ce a kira shaidu.

Ita dai ta san abin da ke damun ta. Bara maƙwabta suka haƙa shadda a bayan katanga, taku goma bai kai ba, kuma har yau gida huɗu ke jan ruwa a nan.

"Kawo kwalbar in cika miki a randa," in ji shi, har da fara'a. "Baƙo ba ya jan guga a gidana."

Wannan karamcin ne ya tona shi. Laraba ta bi shi, ta leƙa bayan randar, sai ga ledojin fiya wata fanko cike da buhu. Au, ashe haka ne! Ya ce na baƙi ne. Ta ce wane baƙo ke zuwa wurin mai rowar da ko goro ba ya bayarwa?

"Ruwana ya fi na asibiti. Ko gwamna ya zo, ba mai taɓa min rijiya."

"To shi ke nan, na yarda. Bari in sha in yi maka shaida."

Ta zura guga, ta jawo, ta kai baki. Tsohon da ke kukan gwiwa kullum, sai ga shi ya yi wuf ya doke gugan, ruwa ya watse mata a jiki. Suka tsaya suna kallon juna. Tausayinsa ya kama ta sosai.

"Tun damina take wari," ya ce a hankali. "Na ce wa maƙwabta su riƙa tafasawa. Ban sani ba ko suna yi."

"Kuma ka zauna kana gadin ta?"

"Da kakarki muka haƙa. Ni ina ciki, ita tana jan ƙasa."

Laraba ta miƙa masa kwalbar. Ya juya ta, ya harare ta, sannan ya fashe da dariya yana goge ido, ya ce Allah ya haɗa shi da mata mai baƙin naci. Da kansa ya ja ruwan, ya cika, ya murɗe murfin.

"Ungo. In ta faɗi jarrabawar taku, kada ki turo min kowa. Ki zo ke kaɗai ki riƙe min siminti, ni zan rufe ta."