Wutsiyar Akun Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na mayar wa surukina akunsa ba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji zufa ta karyo mini, ko da a tsakiyar sanyi ne.

Surukin nawa, Baba Alhaji, tsohon dillalin shanu ne a Maigatari. Tun da matarsa ta rasu, idanunsa kuma suka yi yana har ya daina shiga kasuwa, abokin hirarsa ya koma wani aku toka-toka mai jar wutsiya, wanda yake kira Bawa. Da safe zai buɗe keji ya miƙa hannu, Bawa ya tako ya hau, ya bi hannun riga har kafaɗa, ya sunkuyar da kai a sosa masa ƙeya. Baba ba ya ganinsa sai dishi-dishi, amma yana jin nauyinsa a kafaɗa, kuma wannan ya ishe shi ya wuni.

Da aka shirya kai shi Kano a yi masa aikin ido, ya zauna wurin babban ɗansa har ya warke, sai ya tsallake 'ya'yansa duka ya sa aka kira ni. Na tsuguna, kaina a ƙasa.

"Malam," in ji shi, "kai na ga kana da sanyin hali. Ga Bawa nan, amana. Ruwa sabo kullum, kada a bar shi a rana, a riƙa yi masa magana. Shi ke nan."

Na ce, "In sha Allahu, Baba." A zuci kuwa kaina ya kumbura. (Da na san sanyin halin nan da ya yaba shi ne zai kai ni ya baro, da na ce a kai tsuntsun gidan wani mai zafin kai.)

Na ɗauko shi zuwa Gumel, inda nake koyarwa a firamare. Da farko na yi abin yabo, wannan kam ko maƙiyina ya shaida. Ni ke wanke kwanon ruwansa da kaina, ni ke ɓare masa gyaɗa, in sayo gwaiba da rake, in jefa masa jan barkono ya riƙe da ƙafa ɗaya yana ci kamar mai cin tsire. Kafin a jima ya koyi kukan ƙyauren gidanmu da tarin matata Hadiza, har ya fara hawa hannuna.

Sai Iya Talatu ta shigo. Maƙwabciyarmu ce, tsohuwa, ita ta tsaya wa Hadiza a wankan jegonta na fari. Wai jikanta ya yi jinkirin magana, an ce a ba shi ragowar ruwan aku. Wannan ba komai, na juye mata a kofi. Ta kai bakin ƙofa sai ta juyo.

"Af, ɗan nan, na manta. An ce a haɗa da jan gashin wutsiya. Ɗaya tak."

Hadiza ta ja ni gefe. "Malam, kada ka yarda. Ba namu ba ne."

"Gashi ɗaya ne fa," na ce. "Matar da ta yi miki wannan ɗawainiya zan dubi idonta in ce a'a?"

Na naɗe hannu da tawul, na kama shi, na ja. Ƙarar da ya yi ba irin wadda ya saba ba ce, ta shige ni har ciki. Na ji ba daɗi, gaskiya. Amma Iya ta yi ta sa mini albarka, albarkar ta danne rashin daɗin.

To, ka san unguwa. Kafin mako ya zagayo kowa ya ji cewa Malam yana da aku, kuma Malam ba ya hanawa. Shugaban makarantarmu ya zo, wai ƙaninsa ya buɗe shago yana neman farin jini. Ladanin masallacinmu ya zo a madadin wata 'yar'uwarsa a Gagarawa. Kowa da "ɗaya tak" ɗinsa, kowa kuma ya girme ni ko yana da wani alheri a kaina. Abin dariyar, ni ban yarda da ko ɗaya daga cikin magungunan nan ba. Ni ne fa mai ɗaga murya a ofishin malamai ina cewa camfi ya hana mu ci gaba. Amma musu da camfi a bayan ido daban, kallon dattijo a zaurenka ka ce masa "ba zan bayar ba" daban. Na farkon na iya shi, na biyun ne ba a koya mini ba.

Bawa ya daina magana. Ya koma lungun keji ya takure. Da ya ga hannu ya doso, ko da gyaɗa ce a ciki, sai ya tashi gashin jikinsa ya hau gurnani. Bayansa kuwa ya zama ɗan dungu, kamar kazar da aka fara figewa aka fasa.

Baba yakan bugo waya. "Yaya Bawa?"

"Lafiya lau, Baba."

"Kai masa wayar in ji muryarsa."

"Ai barci yake yi, Baba." Da rana tsaka ke nan.

Ranar da aka ce Baba ya dawo, dabara ta zo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutumin da ya riga ya nutse. Na samo fararen gashin tantabara, na tsoma su a jan galura, na shanya, na jiƙa ƙaro na liƙa su a dungun nan ɗaya bayan ɗaya, Bawa yana tsala ihu. Hadiza ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Wallahi babu hannuna a ciki," ta ce, ta shige ɗaki. Ni kuwa na ja baya na duba aikina, na ga ya yi. Lissafina ɗaya ne: ai Baba ba ya gani sosai.

Ka ji fa. Na rufe keji da zane, na ɗaure a bayan babur, na kama hanyar Maigatari, kuma duk tsawon hanyar nan ko sau ɗaya ƙwaƙwalwata ba ta tambaye ni abin da ya kai Baba Kano ba.

Na tarar da zaure cike da tsofaffin abokansa na kasuwa, sun zo yi masa barka. Baba na tsakiya da sabon tabarau, yana zura zare a kafar allura don ya nuna musu aikin da likita ya yi. Ya zura kuwa, tashi ɗaya.

Na gaishe su, na ajiye keji, na yaye zanen. Ashe a hanya Bawa ya tsoma bayansa a kwanon ruwa. Ruwan ya yi jawur kamar zoɓo. Gashin tantabara wasu sun zube a ƙasan keji, sun koma ruwan hoda, ɗaya kuma ya maƙale a karkace yana nuna gabas. Sai wani Alhaji Mati, abokin Baba daga Damagaram, ya leƙa, ya sake leƙawa, ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Alhaji, surukin nan naka ya ɓata basirarsa a makaranta! Da kasuwar shanu ya shigo, wallahi sai ya shafa wa tsohuwar saniya mai ya sayar mana a karsana."

Kowa ya kwashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba, domin Baba bai yi ta ba. Ya buɗe keji a hankali, ya miƙa hannu kamar yadda ya saba. Bawa ya ja da baya har ya manne da wayar keji, ya tashi gashi, ya yi masa gurnanin nan da yake yi mini. Baba ya bar hannun a wurin, ya daɗe, har dariyar ta mutu da kanta. Sannan ya janye.

"Na yi shekaru ban ga fuskarsa da kyau ba," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Ina kwance a can, shi nake ɗokin in dawo in gani."

Na ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ni ne. Mutane ne suka yi ta roƙo, na kasa hana su."

"Ka ji kunyarsu."

"E, Baba."

"Shi fa?" Ya nuna kejin da haɓa.

Na dubi Bawa, yana nan a takure a lungun keji.

"Wutsiya za ta fito, Malam," ya ce. "Hannun ne ban sani ba."

Wutsiya ta fito kuwa, ja wur, kafin damina ta ƙare. Hannun ya fi ɗaukar lokaci. Hadiza ta ce kullum da safe Baba yakan zauna ya ɗora hannu a bakin keji da ƙwayar gyaɗa a tafinsa, ba ya kira, ba ya matsawa, har rana ta ɗaga. Sai bayan girbi Bawa ya yarda ya tako. Ni kuwa har gobe idan na yi sallama a zauren nan juya mini baya yake yi, kuma ban ga laifinsa ba. Baba bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake ba ni ajiyar ko tsinke ba.

Na daɗe ina ɗaukar kaina mutum mai kara, kuma mutane suna taya ni ɗauka. Sai a zauren nan na gane karar tawa ba daga jikina nake cire ta ba. Shi ya sa yanzu idan na ji ana yabon wani ana cewa, "Wane mutumin kirki ne, bai iya cewa a'a ba," nakan tambayi kaina: to, wa ake figewa a gidansa?