Sujadar da Na Kasa Ɗagowa

Ba zan taɓa mantawa da magaribar nan ba, ko da yake mutanen layinmu sun yi mini kara, sun nuna kamar abin ya wuce (bai wuce ba, har yau in liman ya ɗan daɗe a sujada, akwai dattijon da zai waiwayo ya dube ni bayan sallama). A zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ba da daɗewa ba bayan jirgin ƙasa ya fara kaiwa Ngaundere. Ina zaune a Briqueterie cikin Yawunde, unguwar da aka haife ni, ina ɗinkin manyan riguna da hannu. Ban da ɗinki kuma ni ne na'ibi a ƙaramin masallacin layinmu. In limaminmu Malam Garba ya yi tafiya, ko jikin tsufa ya motsa masa, ni nake shiga gaba. Babu albashi a ciki, babu rawani. Amma Allah ya sani ina son wurin nan fiye da yadda ya kamata bawa ya so wuri.

Rago ne ya ja mini. Na je kasuwar dabbobi ta Etoudi na sayo shi don sunan 'yata, muna saukowa gangaren bayan gidanmu an gama ruwa, jar lakar nan ta Yawunde ta zama kamar sabulu. Rago ya fizga, ni kuma na ƙi sakin igiya. Ƙafata ta dama ta tsaya wuri ɗaya, sauran jikina ya bi rago. Aka yi suna ina kwance, ana kawo mini naman wanda ya kayar da ni.

Na ɗauka abin mako ɗaya ne. Wani mai ɗori a unguwar Nkomkana ya latsa ya ce babu karaya, targaɗe ne, ya murza ni da man kaɗanya har na kira sunan mahaifiyata. Wanzami ya yi mini ƙaho. Na rubuta addu'o'i a allo da hannuna na wanke na sha. Daga baya ƙanena ya matsa aka kai ni asibiti, likita ya naɗe wurin da bandeji, ya ɗaga mini yatsa ya ce, "Repos, Malam, repos." Wato in huta. Na huta har hutun ya gundure ni. Kumburi ya sauka, ya dawo, ya sake sauka. Damina ta ja baya, ta sake kamawa, gwiwa tana nan. Tafiya a miƙe na fara iyawa da sanda, amma in ce in naɗe ƙafar in durƙusa, sai in ji kamar an cusa basilla a ƙarƙashin ƙoƙon.

To, a karatun da muka gada, mai salla a zaune ba ya limanci ga masu tsayuwa. Ba zan ce ban sani ba, don ni nake karantar da babin ga 'yan kasuwa da safe, har na fassara musu shi da ajami. Saboda haka Malam Garba ya tara mu ya ce Malam Sanda zai riƙa shiga gaba "kafin Malam ya warke". Shi wannan Sanda mutumin Garwa ne, mai sayar da turare a kasuwar Mokolo, kuma na girme shi nesa ba kusa ba. Na ce madalla, har na sa masa albarka. Aka ajiye mini 'yar kujera a ƙarshen sahu, kusa da inda ake tara takalma.

Daga kan kujerar nan na fara jin muryarsa. Ban san yadda zan kwatanta ba. Ni karatuna daidai ne, ba na taka harafi, amma a bushe yake kamar ana karanta sanarwa. Shi kuwa in ya buɗe baki, masu tari ma dainawa suke yi. Kafin wani lokaci mutanen wasu layuka suka fara zuwa magariba wurinmu, har ana shimfiɗa tabarmi a waje. Wata rana Alhaji Bawa mai tsire, aminina tun muna makarantar allo, ya dafa ni yana neman takalminsa ya ce, "Malam, ka ji yaron nan kuwa? Jiya sai da na yi hawaye, ni da hayaƙi ma ya daina sa ni hawaye."

Na ce, "Yana ɗan wuce wuri wajen jan madda."

Ya ce, "Mu dai da ba mu san madda ba, daɗi muke ji."

Abin da ya fi ci mini rai, Sanda mutumin kirki ne. Da ya yi mini girman kai, da na sami abin riƙewa. Amma kullum sai ya biyo ta gida ya duba ni, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Modibbo, yaya ƙafa?" Ni kuwa ba fuskarsa nake kallo ba, gwiwoyinsa nake kallo, yadda suke naɗewa su buɗe ba ƙara ba gardama. Na yi shekaru ina jin ana hassada a kan dukiya da 'ya'ya. Ban san ana yi a kan gwiwa ba sai da na tsinci kaina a ciki (na yi istigfari, na kuma sake yi washegari, don abin ya dawo).

Matata Hajara ta gane tun da wuri. Ran da ruwa ya hana ni fita, ina zaune a bakin taga ina kasa kunne ko Sanda zai yi tuntuɓe a aya, ta ajiye mini shayi ta ce, "Malam, da ka juya kujerar nan wajen alƙibla ka yi taka sallar, da yanzu ka idar."

Ana nan sai aka yi wa Malam Garba rasuwa a Ngaundere. Da safen da zai hau jirgi ya tsaya a ƙofar masallaci yana sallama da jama'a, ya ce, "Malam Sanda zai riƙe muku." Ya tsaya a nan. Na jira ragowar maganar, ban ji "kafin Malam ya warke" ba. Wataƙila mantuwa ce ta tsoho mai juyayi. Ni dai a kunnena, wurin ya tafi ke nan.

Ranar na yanke shawarar cewa na warke. Na sami ƙyallen atamfa na ɗaure gwiwar tamau a ƙarƙashin wando, na jingine sanda a bayan ƙofa. Hajara tana kallona ta ce, "To gwada sujada ɗaya a nan ɗaka in gani."

Na ce, "Hajara, sujada ba abin gwaji ba ce."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Na bar azahar ta wuce, na bar la'asar ta wuce. Ai waɗannan a ɓoye ake karatunsu, wa zai ji ni? Magariba nake jira, lokacin da masallaci ke cika. Na taka a hankali ina murmushi, ana ta "Malam, an samu sauƙi ke nan? Alhamdu lillahi." Sanda da kansa ya taso da fara'a ya ja baya ya nuna mini gaba. Ni kuma, don abin ya cika, na kamo hannunsa na ce, "Tsaya nan bayana daidai, Malam Sanda." So nake ya ji yadda ake jan madda.

Na ta da kabbara. Na zaɓi sura mai tsawo, na karanta ta da dukan abin da Allah ya hore mini, kuma gaskiya ba ta yi muni ba. Ruku'u lafiya. Na ɗago lafiya. Na tafi sujada, kafin goshina ya taɓa tabarma na ji wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwar, zafi ya hau har ƙeyata. Na yi tasbihi. Na yunƙura zan ɗago in zauna, ƙafa ta ce ba da ita ba. Na sake tasbihi, na sake yunƙurawa. Ƙyallen da na ɗaure ya riƙe ta a lanƙwashe, ba ta gaba ba ta baya.

Jama'a kuwa suna bayana, goshi a ƙasa, suna jiran kabbarata. Da farko na san abin da suke zato: Malam ya daɗe bai shiga gaba ba, yana godiya ga Ubangijinsa. Can wani ya yi gyaran murya. Can wani daga tabarmin waje ya ce "Subhanallah", kamar yadda ake tunatar da limamin da ya yi mantuwa. Wani ya maimaita. Ina jin gumi yana bin hancina yana ɗiga.

Mafita ɗaya ce, kuma na san ta. Limamin da ya gaza a tsakiyar salla yakan jawo wani daga sahun bayansa, ba tare da magana ba, ya ƙarasa da mutane. Ga abin da nake jin kunyar faɗa: ina cikin sujada, inda bawa ya fi kusa da Ubangijinsa, amma lissafin da nake yi shi ne wa zan jawo wanda ba Sanda ba. A hagunsa akwai wani tsoho da ba ya ji sosai. A damansa Alhaji Bawa ne, wanda na san surorinsa ba su wuce na yara ba, kuma in ya ruɗe yakan haɗa biyu wuri ɗaya. Na auna Alhaji Bawa da gaske, Allah ya yafe mini. Sai na ji tsohon yana nishi, na tuna shi ma ba lafiyar baya gare shi ba.

Na mirgina a kan kwatangwalo, na miƙa hannu baya, na kamo hannun rigar Sanda na ja. Ya gane nan take. Ya rarrafo gaba a sunkuye ya yi kabbara, masallaci duka ya ɗago da numfashi ɗaya. Babu gurbin da zan koma da wannan ƙafa, sai na ƙarasa sallata a zaune a gefensa, ƙafa a miƙe, a gaban kowa. A raka'a ta biyu ya karanta gajeriyar sura don ya tausaya mini. Ita ma gajeriyar ta fi tawa daɗi.

Bayan sallama ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Aka rasa yadda za a kai ni gida, sai Alhaji Bawa ya aika aka kawo puspus, amalanken da yake ɗauko nama da shi. Sanda ne ya tura. Muka bi ta gaban masu tsire daidai lokacin da ciniki ya buɗe, masu saye na kowace ƙabila suna darewa suna "Ashiya, Malam, ashiya," wato sannu. Alhaji Bawa yana tafe a gefe ya sunkuyo ya ce, "Ni fa na ɗauka wahayi ake yi maka. Duk addu'ar da na sani sai da na ƙare, na koma roƙa wa mutanen da ba na shiri da su."

Hajara ta ɗaga labule ta gan ni a cikin amalanken nama. Ta gaida Malam Sanda, ta yi masa godiya, ta kawo masa ruwa. Ni kuwa sai da ta zo da almakashi za ta yanke ƙyallen, sannan ta ce mini, "Sabuwar atamfata ce ma."

Gwiwa ta koma farko, kumburin har ya fi na ranar rago. Da Malam Garba ya dawo ya ji labari, ya zo har gida ya zauna, sannan ya ce wurina yana nan, bai taɓa tunanin ba wa wani ba, amma tunda abin ya zama haka, ko na warke Malam Sanda zai ci gaba da riƙe magariba, ni in riƙe azahar da la'asar. Haka aka yi kuwa. Ƙafa ta warke a lokacin da Allah ya ga dama, ba a lokacin da na sanar ba, na kuma yi shekaru ina limancin sallolin da ba a jin muryar liman sai a kabbara. Abin da na koya bai da yawa: mutum yana iya cewa ya warke a bakin titi a gaskata shi, amma kada ya faɗa a wurin da za a bi shi sujada.