Yadda Za Ka Sa Agogon Nutso Ya Yi Jira a Madadinka

Kai mai neman auren Wafa, 'yar Hajiya Ƙaltume ta unguwar Ƙurban a Madina, matso kusa. Na ji abin da bakinka ya jawo maka. Yayanta Saif ya ce yana nutso a teku, kai kuma da ka yi ɗan kwas bara ka buɗe baki ka ce ai kai kifi ne mai iƙama, har takardar izinin zama gare ka a teku. Yanzu ya gayyace ka nutso a Yanbu, can bakin teku, kuma kowa ya san daga bakinsa za a ji ko za a ba ka ita. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai ka riga shi fitowa daga ruwa ka hau jirgi.

Mataki na ɗaya: Ka san agoguna ma suna saɓani

In mutum ya nutse da tukunyar iska a baya, jikinsa yana shan iskar naitirojin. In ya taso a guje, sai iskar ta yi kumfa a jininsa kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe. Shi ya sa ake ɗaura agogon nutso, ya riƙa lissafa maka yaushe za ka taso, a ina za ka dakata.

To ga inda daɗin yake. Agogunan ba malami ɗaya suka yi wa karatu ba. Wani iskar da ta narke a jiki kawai yake ƙirgawa, ya sallame ka da wuri. Wani kuma har ƙananan kumfa yake zargi, in ka sake nutsewa a rana ɗaya ya ƙara maka jira. Mutum biyu, ruwa ɗaya, zurfi ɗaya, fatawa biyu. Masu hankali suna bin wadda ta fi tsanani, amma wannan darasi ba nasu ba ne.

Mataki na biyu: Ka ari agogo, kada ka karanta littafinsa

Je unguwar Harra ta Yamma wurin abokinka Mu'azzam. Zai miƙo maka nasa yana cewa, "Ka kula fa, wannan mutashaddid ne, tsananinsa ya yi yawa. Ko a baho ka daɗe sai ya ce ka dakata." Yi dariya ka sa a aljihu. Karanta littafin agogo alamar ɗan koyo ce, kuma ai Turanci ne.

Mataki na uku: Ka cika motar da ilimi

Hanyar Yanbu doguwa ce, kada ka bar shiru ya tona maka asiri. Saif zai tambaye ka, "Agogonka wane lissafi yake bi?" Kalli taga, ka girgiza kai, ka ce, "Yaya, ai saɓanin malamai rahama ne."

Zai ce, "Tayyib. Amma a ƙasa, na wanda ya fi tsanani muke bi, ni da kai. Ba mai barin ɗan'uwansa. Tamam?"

Ce masa, "Akid, Yaya, ba shakka." Alkawarin da aka yi a kan kwalta ba lallai ya san hanyar teku ba.

Mataki na huɗu: Ka gane lokacin da aka ci amanarka

Nutson farko lafiya lau. A na biyu, kuna tasowa kun kama igiyar jirgi, sai agogon Mu'azzam ya fara ƙara yana nuna maka lamba: tsaya nan, ba yanzu ba. Saif zai juyo maka da nasa, tuni ya sallame shi. Duk da haka ba zai tafi ba. Zai harɗe hannu ya tsaya yana kallon ka ta gilashi, kai kuma kana lilo a igiya kamar wanki.

Na san abin da za ka ji, domin kunya a cikin ruwa ta fi ta tudu zafi, ba ka da bakin kare kanka. Kifin da ke da iƙama ne yau aka tsare a kan iyaka. Ka yi haƙuri har wani kunkuru ya wuce, Saif ya juya yana ɗaukar sa hoto.

Mataki na biyar: Badali

Kai ɗan Madina ne, ka san in uzuri ya hana mutum, akan samu wani ya yi a madadinsa. To wa ya ce a jira? Agogo. Wa ya damu da jiran? Agogo. Kwance shi daga hannunka, ɗaure shi tam a igiya, ka bar shi ya cika abin da ya ɗora wa kansa. Kai kuma ka sulale sama.

Mataki na shida: Ka karɓi nasararka

Zauna a jirgi, karɓi shayi. Can Saif zai fito, agogon a hannunsa. Ba zai ɗaga murya ba.

"Na juyo na ga igiya babu kai," zai ce. "Na leƙa ƙasa ina neman gawarka. Sai da na ga ƙafarka a tsani hankalina ya dawo. Haza esh? Mene ne wannan?"

Ka ce, "Yaya, ai ya cika, ko?"

"Ya cika. Ni da shi muka tsaya."

Daga nan zai dafe maka abin shaƙar iskar asibiti a fuska, ya tambaye ka ko kafaɗarka tana tsami. Tana yi, amma ka ce nauyin tukunya ne. Ba zai yarda ba. Zai ce Madina a tudu take, hawa can da kumfa a jini ganganci ne, sai likita a Yanbu ya duba ka tukuna.

Mataki na bakwai: Ka saurari sakamako a kwance

Kana kan gadon asibiti za ka ji shi a bakin ƙofa yana waya, ya buɗe sifika. Zai ba Hajiya Ƙaltume labari tsaf, rabi Hausa rabi Larabci. Za ta fara tambaya ko kana da lafiya, ta yi hamdala. Sai ta ce, "To Saif, tunda agogon ne ya tsaya da ɗana, ka ce masa ya turo magabatansa."

Wanke hannu

Mai wannan darasi ya yi alkawarin za ka riga Saif fitowa, kuma ka riga shi. Bai ambaci Wafa a alkawarin ba. Tsamin kafaɗa, kwanan asibiti da fushin Mu'azzam kan agogonsa da ka bari a igiya duk naka ne. Jininka ba ya karɓar badali, kuma da ka tambaye ni tun farko da na gaya maka. In an sa ranar auren da wani, kada a kawo mini kuka. Ni ko iyo ban iya ba.