Rasuwar Malam Rufa-Ido, Mai Kai Hajiya Yakaka Bakin Teku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kai a ɗaure tamau kamar bakin buhun gero, iyalan Hajiya Yakaka mai lalle da turaren wuta ta unguwar Fagge suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan kusa da na Sabon Gari, rasuwar amininta kuma likitanta, Malam Rufa-Ido. Ya cika ranar wata Talata, bayan gajeriyar jinya a kan rufin kicin, yana da shekara ɗaya da wata bakwai a hannunta.

Ga wanda bai san marigayin ba, wani ƙaton tabarau ne fari mai maɗauri, irin wanda yaran zamani ke kira Bi-Ar. Ka ɗaura shi a fuska, ya rufe maka ido ruf, sai ka tsinci kanka a wata duniya alhali kana zaune a kan tabarmarka. Ba shi da kyan fuska, wannan kam a faɗi gaskiya ko a kan gawa ne. Duk wanda ya sa shi kama yake yi da fara. Amma hali, jama'a, hali sai wanda ya zauna da shi.

Sai an san ciwon Hajiya kafin a san girman wannan rashi. Shekarar da sojoji suka koma bariki, a shekarar ciwon kai ya yi mata juyin mulki, shi kuwa bai taɓa sa ranar sauka ba. Zaɓe bakwai aka yi yana nan daram. Daga ƙeya yake tasowa, ya riƙe wuya, ya zagayo goshi ya matse, kamar maƙiyiya ce ta ɗaura mata ɗankwali. To ina mamaki? Mace tun hantsi tana duƙe a kan ƙafar amare tana zane, mata ashirin a tsakar gida kowacce da bakinta, wannan na neman humra, waccan na cewa lallenta bai kama ba. Ƙwayar ciwon kai kuwa ta sha ta kamar gyaɗa, har cikinta ya yi gyambo, likita ya dube ta ya ce ta riga ta cinye rabonta na ƙwaya a duniya, in ta ƙara ko ɗaya kada ta zo masa da kuka.

A wannan hali marigayin ya same ta. Madam Bridget ce ta kawo shi, tsohuwar nas ta Sabon Gari, ƙawar Hajiya ta shekara talatin, mai Hausa kamar jakin Kano. Ɗanta Chibuike ne ya zo da shi daga Turai yana wasan harbin dodanni, ya koma ya bar shi. Madam ta sa aka cire dodannin aka zuba teku, ta saka shi a leda, ta hau Adaidaita Sahu sai Fagge. Ta ce ba warkarwa yake yi ba, saki yake sa mutum ya yi, wuya ya saki, zuciya ta saki.

Ranar farko da aka ɗaura mata shi, Hajiya ta yi a'uziyya, ta tattare zaninta har gwiwa don kada ruwa ya jiƙa shi. Ko a Jidda ta tagar mota ta hango teku, yau ga shi yana lasar yatsunta. Madam Bridget kuwa ta juya ta dubi matan gidan da idon nan nata na asibiti, ta kafa doka: “Duk wadda ta kira ta tana ciki, ta firgita ta faɗi, ni da ita ne. Ko gobara ce ta tashi, ku kashe abarku.” Tun daga ranar, kullum bayan la'asar Hajiya takan tafi bakin teku na rabin awa, gidan ya yi tsit, har kaji a hankali suke tafiya. Ta dawo kai sakayau, ta nemi shayi.

Za a daɗe ana tuna muryarsa. In an tashe shi yakan yi sallama da “tilin”. Sai ya shiga “shaaa, shaaa”, ruwa na zuwa yana komawa. Akwai kuma wata Baturiya a cikinsa mai sanyin murya da ke cewa a ja numfashi a sake. Hajiya ba ta jin Turanci, amma ta raɗa mata suna Gwaggo, kuma duk abin da ta faɗa takan amsa mata da “To, Allah ya saka.” Bai taɓa kai gulma ba. Bai taɓa cewa turaren Hajiya ya yi masa ƙarfi ba, ko da yake ya shaƙi hayaƙin da ya isa amarya goma.

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, balle tabarau. Yana da ci, in ba a kawo wuta ba sai ya yi ta “ƙit-ƙit” kamar jariri. Yakan bar wa Hajiya shaida a fuska, zobe zagaye da ido, har aka taɓa tambayarta a gidan suna ko sabon kwalli ne ya fito. Shi ne kuma ya nuna mata wani kifi mai ruwan ɗorawa, ta kai hannu za ta kama, ta damƙo hancin uwar ango. An yafe masa.

Ajali ya biyo ta hannun Oga Boniface, mijin Madam Bridget, wanda ya ari marigayin ranar Asabar don shi ma ya ga abin da mata ke gani. Ya dawo da shi lafiya lau. Ranar Litinin sai ga labari cewa Oga ya tashi da apolo, idanu jajur kamar attaruhu. Hankalin Hajiya ya tashi. Ita dai abin da ta gada kaka da kakanni shi ne, duk abin da cuta ta taɓa a kai shi rana. Katifa rana, filo rana, tabarmar mai ƙyanda rana. Washegari ta goge shi tsaf, ta turara shi, ta ɗora a faifai, ta sa a kan rufin kicin kusa da shanyar kuɓewa. Saboda tsabar kulawa ta juya gilasansa biyu suna kallon sama, ta ce ai ido ne ya ɗauki cutar, ido ne ke bukatar maganin. Ranar watan Maris, a Kano, tun hantsi har azahar.

Ashe gilasan nan tara rana suke yi wuri ɗaya, irin yadda yara ke ƙona takarda da gilashi. Da la'asar ta ɗaura shi, ya yi “tilin” a galabaice. Ta duba, sai ga wani baƙin rami a tsakiyar teku, gefensa ruwan makuba. Gwaggo ta fara magana ta tsaya a rabin kalma. Ruwan ya yi “sha” sau ɗaya, bai ƙarasa ba. Shi ke nan.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta naɗe shi a mayafi ta kai wa Cyprian mai gyaran waya a Bata, can bakin Sabon Gari. Ya kwance, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, “Mama, wa ya gasa shi?” Ta ce ba gasa shi ta yi ba, shanya shi ta yi. Ya ce, “To wallahi ya shanu.”

A hanyar gida take tunanin gobe da la'asar. Ƙwaya an hana ta, teku ya ƙafe. Da lokacin ya yi, don dai kada a tambaye ta, ta ɗaura gawar a fuska ta zauna. Duhu ne kawai a ciki, da ƙamshin turarenta. Gida ya yi tsit kamar kullum. Rabin awa ta cika, ta kwance, ta taɓa ƙeya, ta juya wuya hagu da dama. Babu ciwo. Kwana tara Hajiya Yakaka tana zama da mamaci a fuska, lokaci lokaci tana ɗage ƙafa don a ɗauka igiyar ruwa ce ta zo, tana cewa “To, Allah ya saka” ga Gwaggon da ba ta nan.

Abin da ba ta lissafa ba, Cyprian da Madam Bridget coci ɗaya suke zuwa. Yana ganin Madam ya yi mata gaisuwar rashi. Madam ta taho Fagge a gigice, tun daga zaure take kira, “Yakaka, ashe rashi muka yi? Ashe ya mutu tun wancan mako?” Mata ashirin suka ji da kunnensu. Washegari Hajiya na ɗaura shi aka dafa kafaɗarta: “Hajiya, tunda dai ba ganin komai kike yi ba, ina kika ajiye almakashi?” Kafin magariba ɗankwalin maƙiyiya ya dawo, har da ƙarin ƙulli. Madam Bridget, da ta ga ɓarnar da bakinta ya yi, ta rufe ɗaki da ƙawarta suka tsara abin da ke tafe.

Marigayin ya rasu ya bar caja ɗaya, wadda har yanzu take maƙale a bango tana jira. Da tagwayen 'ya'ya masu maɓallai, na riƙewa a hannun dama da na hagu, waɗanda ba a taɓa sanin amfaninsu ba. Da kwalin da ya zo a ciki, wanda yanzu icen sandal na turare ke zaune a cikinsa. Da Oga Boniface, wanda idonsa ya warke ras, ya kuma rantse ba shi da hannu. Chibuike ya yi waya ya ce zai zo da ƙanin marigayin da Kirsimeti. Bai dai ce ta wace shekara ba.

Game da jana'iza: Cyprian ya nemi a ba shi gawar ya ciri abin da zai cira, iyalai sun ƙi. Ba za a binne shi ba, ba kuma za a sayar wa 'yan gwangwan ba. Za a riƙa ajiye shi a kan fuskar Hajiya kullum bayan sallar la'asar, na rabin awa, a gidanta da ke Fagge, domin masu son yin bankwana. Ana roƙon masu ta'aziyya su shigo ba takalmi, ba waya, ba sallama da ƙarfi. Gaisuwa da ido za a yi. Wadda kuka ya zo mata ta fita zaure, mai neman almakashi ta nemi na maƙwabta. Madam Bridget za ta zauna a bakin ƙofa da muciya don karɓar baƙi.

An tambayi Hajiya ranar tashi daga zaman makokin, ko uku, ko bakwai, ko arba'in. Ta dubi agogo, ta ɗauki marigayin ta ɗaura, ta gyara zama. Har yanzu ba a sami wadda za ta sake tambaya ba.