Rasuwar Abrewa, Motar Agya Fosu, da Sunayen Waɗanda Suka Kashe Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abin kuma da ya fi baƙin ciki zafi, ni Afua Pomaa, 'yar marigayi Agya Fosu direba na Bantama, nake sanar da rasuwar motarsa Abrewa, wadda aka yanka da wuta ranar Talata a Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, tana da shekara talatin da takwas. Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na bar makaranta, kuma ko a coci ban taɓa miƙewa na yi magana ba. Amma in na yi shiru, za a ci gaba da cewa tsufa ne ya kashe ta.

Marigayiyar baƙa ce mai faɗin ƙirji. Ba ta da kafireta, nozul ne ke fesa mata mai, shi ya sa Agya ke cewa ba ta cin abinci da hannu, sai da cokali. Ta kai amare coci ba adadi. Ta hau tudun Mampong da manyan dangi shida da buhun doya ba ta yi ko tari ba. Da safe in an murza makulli sai ta ce zzzz daga baya, sannan ta ce gurum, ta zauna tana gunaguni kamar tsohuwar da ta ƙoshi da fufu. Ni ke wanke ta kullum kafin in ɗauki farantin dokunu, dafaffen ƙullun masarar da nake sayarwa, in tafi talla Magazin.

Ta bar mahaifiyata Maame Gyamfua, wadda har yau in tana shara take zagaye gurbin motar. Ta bar ni. Ta bar tabon baƙin mai a gindin mangwaro, da akuya ɗaya da ta rasa inuwa. Ta kuma bar Bra Yaw Berko, ɗan ƙanwar Agya, wanda ba ma ƙirga shi cikin masu makoki.

Ciwon ya soma ne ranar arba'in ɗin Agya. Dangi suka zauna suka ɗora Bra Yaw a gurbin kawunsa kamar yadda aka saba a wurinmu, inda ɗan 'yar'uwa ke cin gado, aka miƙa masa zane da takalma da makullin mota. Ya zo da abokansa, ya zauna a kujerar Agya, ya murza. Abrewa ta ce gurum. Kafin a ƙirga biyar ta ce fuu, ta mutu. Ya sake, ta sake.

Na matsa kusa da taga na ce, "Bra Yaw, akwai abin da Agya yake fara..."

"Ke Pomaa, ja can da warin dokununki. Mota ce wannan, ba tukunya ba."

Wani abokinsa ya ce, "Haba Yaw, ka bar Madam Injiniya ta duba mana!" Suka yi ta dariya har da dukan bonet. Na koma kicin.

Ga abin da nake son faɗa masa. Shekarun baya ɓarayi sun taɓa gwada ɗauke ta, sai Agya ya yanke wayar famfon mai ya sa ɗan makunni a ƙarƙashin kujerarsa, gefen hagu. Famfon yana aiki muddin ana murza makulli, da an saki sai ya tsaya, sai in an danna makunnin. Ɓarawo zai tada ta, amma ba zai kai bakin ƙofa ba. Ni kaɗai ya nuna wa, domin ina share wajen. Ya ce, "Ko Maamenki kar ta ji, bakinta rediyo ne."

Aka ja marar lafiya zuwa asibitin Masta Donkor, fita, wato makanike, wanda nake sayar wa dokunu kullum. A gabana aka yi jinyar. Ya sauya fulogi. Ya sauya kwayil. Ya sauke tanki ya wanke da omo. Ya sauya famfon mai sau biyu, ya kara kunne yana murza makulli, ya ce, "Kun ji? Famfo lafiya lau." Ya ciro nozul shida ya jiƙa a kananzir, ɗaya ya faɗa kwata, ya sa na wata mota. Mai gyaran waya, Papa Antwi, shagonsa na kallon nasa, amma sun shekara biyu ba sa gaisawa saboda faɗan wurin ajiye mota, don haka ba a kira shi ba.

Wata rana ina zuba masa barkono na daure na ce, "Masta, da za a bi wayar da ta shiga ƙarƙashin..."

"Yarinya, ina kwance inji tun ubanki bai kai giyar neman auren uwarki ba. Ƙara kifi."

Da dabara ta ƙare sai aka ce fatalwar Agya ce ta riƙe motar. Bra Yaw ya sassauta zanensa daga kafaɗa, ya tsiyaya giya a kan taya yana kiran kawunsa da yarenmu yana cewa, "Wofa, ga abin sha. Wofa, saki mana ita." Abrewa ta ce gurum, ta ce fuu. Washegari Masta ya buɗe kan inji, kuma daga nan ba ta sake cewa komai ba.

Bayan wata uku na tare Bra Yaw a bakin shagon. Na ce, "Tunda ta ƙi, ka mayar mana da ita gindin mangwaro, ko ba ta tashi."

"Don ku riƙa nuna wa mutane kuna cewa motar Wofa ta ƙi ni? Gara 'yan gwangwan su narka ta su yi tukwane."

A nan na rufe bakina da gangan. Kalma ɗaya za ta cece ta, in ya so ya riƙa yawo da ita kasuwar Kejetia yana danna wa 'yan mata hon. Na zaɓi ta mutu. Don haka waɗanda suka kashe ta su ne Yaw Berko, da Masta Donkor, da ni. Ina tsaye da faranti a ka aka raba ta biyu.

Game da jana'iza: babu gawar da za a shimfiɗa. Ƙofofi da fitilu suna layin masu kayan gyara, injin yana wurin masu narka ƙarfe. Za a yi zaman makoki ranar Asabar a gidanmu na Bantama, a gindin mangwaro, da jan zane da baƙi. Ba za a kafa teburin gudummawa ba. Ba a tanadi kujera ga Bra Yaw da Masta Donkor ba, amma suna iya tsayawa a rana.

Washegarin yankan, Laraba da safe, na tafi Magazin ba faranti. Kujerar Agya na nan haɗe da guntun ƙasan motar a gaban shagon Masta Donkor, fitoci na zaune suna shan koko, Bra Yaw ya zo karɓar lambar mota. Na durƙusa na zura hannu, na jawo makunnin da wayoyinsa biyu. Na ce, "Masta, bi wannan wayar ka gaya wa mutane inda ta nufa."

Ya bi ta da yatsa har inda famfon mai yake a da. Ya tsaya a sunkuye. Papa Antwi ya tsallako titi, karo na farko cikin shekara biyu, ya leƙa, ya dafe kai ya kwarma ihu: "Jama'a ku zo! Donkor ya yi wa mai lafiya tiyata wata uku!" Layin gaba ɗaya ya taso.

Bra Yaw ya ce, "Pomaa, kin sani? Kina kallo aka yanka ta?"

Na ce, "Ina kallo, Bra Yaw. Ido biyu."

Na ƙulle makunnin a bakin zanena, na ratsa ta cikinsu ban sunkuyar da kai ba. Sai da na zauna a trotro, motar haya, kuka ya zo, ban iya tsayar da shi ba har Bantama.